Nomau Mai Bulalar Alƙali

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da daɗewa, ana ce masa Nomau. Jama'a, ku saurara, don sana'arsa ba irin wadda kuke zaton jin alheri a cikinta ba ce. Shi ne mai yi wa mutane bulala a zauren alƙali.

Nomau ɗan siriri ne, mai yawan fara'a. In zai yi bulala sai ya ɗauki ɗan dutse ya matse a hammata, don kada hannunsa ya ɗaga sama. Haka magabata suka koya masa: bulalar shari'a ta kunyatarwa ce, ba ta fasa jiki ba. In ya gama, shi da kansa yake miƙa wa mutum rigarsa, ya ce, "Tashi ɗan'uwa, ya wuce."

Rannan shanun Galadiman garin suka shiga gonar wani talaka mai suna Mantau, suka cinye masa gero ana dab da girbi. Mantau ya tare Galadima a bakin kasuwa, baƙin ciki ya sa ya gaya masa magana mai zafi. Aka kai shi gaban alƙali. Alƙali yana tsoron Galadima, sai ya yanke wa Mantau bulala ashirin saboda zagin babba. Maganar gero kuwa, ko tayar da ita ba a yi ba.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, to gonar fa?"

Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi aikinka, Nomau."

Galadima ya yafito shi gefe, ya ce, "Yau ka ajiye dutsen nan. Ina so in ga jini a bayansa."

Nomau yana da iyali, ba shi da gona, wannan aikin ne abincinsa. Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, ashirin aka ce, ashirin zan yi. Jini kam ban ji alƙali ya ambata ba."

Ya matse dutsensa, ya yi ashirin yadda ya saba, ya miƙa wa Mantau rigarsa. Kafin la'asar an kori Nomau daga aiki. Galadima ya kawo wani ƙato mai suna Gagare ya maye gurbinsa, wanda in ya ɗaga hannu sai an kwantar da mutum mako guda.

Da Nomau ya koma gida ya gaya wa matarsa Tabawa, sai ta ce, "Malam, da ka fasa bayan mutumin nan, da wane hannu za ka ci tuwona?" Ta ɗauko kaba ta ajiye a gabansa. Ya koma saƙar tabarma, ita tana kaiwa kasuwa. Sun sha wuya, kada in ɓoye muku. Akwai ranakun da kunu kaɗai suka sha, tana tsokanarsa wai tabarmarsa ta farko ta fi kama da ragar kamun kifi.

Bayan damina biyu aka yi sabon sarki, Galadima ya rasa fada, aka tuɓe masa rawani. Ba a jima ba ɗan Galadiman ya mari wani dattijo a kasuwa. Alƙalin nan dai, da ya ga iko ya bar gidan, nan take ya yanke wa saurayin bulala arba'in. Kun ga yadda abin yake? Alƙali ɗaya, zaure ɗaya. Wa zai yi bulalar? Gagare.

Tsohon Galadima ya roƙi alƙali a sauya hannu. Alƙali ya ce, "Ban san mai sassauci ba sai wanda ka sa aka kora. In ya yarda, na yarda."

Da hantsi sai ga shi a ƙofar Nomau, ba doki, ba mabiya. Ya yi sallama. Nomau ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, Tabawa ta aiko da ruwa. Da ƙyar tsohon Galadima ya ce, "Nomau, ɗana ne. Ba shi da ƙoshin lafiya. Gagare zai kashe shi."

Nomau ya tuna kunun da suka sha, zuciyarsa ta ɗan motsa, don shi ma ɗan Adam ne. Sai ya dubi furfurar mutumin, ya ce, "Ranka ya daɗe, zan zo. Amma ka sani, ba zan rage ko ɗaya ba, don dattijon da aka mara yana da hakki. Ba kuma zan ƙara nauyin hannu saboda abin da ya wuce ba."

Ya je ya yi arba'in cif. Saurayin ya tashi da ƙafarsa, kunya ta rufe shi, ya je ya durƙusa gaban dattijon. Uban kuwa, daga zauren bai zarce ko'ina ba sai gidan Mantau, ya nemi gafararsa.

To 'yan'uwa, kuna yawan tambayata, wai akwai adalci a duniyar nan kuwa, tunda doka tana bin mai ƙarfi? Akwai. Sai dai ba kullum yake zaune a kan buzun alƙali ba. Wani lokaci yana hannun ƙaramin ma'aikacin da aka ce ya zalunta ya ƙi. Kai da kake gadin ƙofa, kai da kake riƙe takardun mutane a ofis, ke da kike raba faɗan 'ya'yanki da na maƙwabta, kowannenku an damƙa masa wani ɗan iko. Kada ku tsananta don manya sun ce a tsananta, kada ku rama don dama ta zo hannunku. Allah ya sa mu yi wa na ƙasa da mu yadda muke fatan ya yi mana ranar da za mu tsaya a gabansa.