Akurkin Hansai da Ƙofar Gabas

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun ba ki kunnuwanmu.

A wani gari an yi wata mata, sunanta Hansai, da mijinta Nomau. Da aka gama girbi, sai Nomau ya shirya tafiya cin rani can gabas. Ranar tafiya ya ɗauko wata kaza wake-wake ya ɗora mata a hannu. Ya ce, "Ranar da ruwan farko ya sauka, ranar zan dawo. Ina so in tarar 'yan tsaki sun fito tarona."

Hansai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya kai mu."

Rani ya yi nisa. Kaza ta yi ƙwai goma sha biyu a ƙarƙashin rumbu. Sai ta zo ta ce, "Uwar ɗakina, ƙarƙashin rumbu ba ɗaki ba ne. In ba ki gina mini akurki ba, zan bi zabi daji in yi kwanci can. Sai ki san abin da za ki nuna wa mai tafiyar nan."

Hansai ba ta taɓa gina ko murhu ba. Tana zaune ta yi tagumi, sai ga Tunku a kan katanga, yana lasar gashin baki.

Ya ce, "Sannu da hutawa, matar gida. Akurki ne ya dame ki? Duk garin nan babu wanda ya kai ni shiga akurki."

Wannan kuwa gaskiya ya faɗa.

Ya ce, "Ki yi shi da kara. Ga sauƙi, ga iska."

Sai Hansai ta saro kara, ta kafa, ta ɗaure da rama. Ta kwashe ƙwai ta zuba ciki. Da rana ta take, ta tafi rijiya, Kaza ta fita kiwo. Sai Tunku ya sauko, ya buɗa kara da hanci, ya shanye ƙwai uku.

Da Hansai ta dawo ta ga ɓawo, sai Tunku ya ce, "Assha! Aikin Gafiya ne, na ga wutsiyarta. Ki yi na laka. Amma ki bar taga a baya, kada zafi ya dafa ƙwan."

Ta ce, "Taga kamar yaya girmanta?"

Ya ce, "Kawo in ara miki kaina ki gwada."

Sai ta gina na laka, ta gwada taga da kan Tunku, ta yi daidai cif. Washegari ta tafi rijiya, Kaza ta fita kiwo. Ƙwai uku suka sake tafiya.

Saura shida.

Kaza ta tsaya gaban Hansai, ta karkata kai. Ta ce, "Uwar ɗakina, wa zai kwana cikin ɗakin nan?"

"Ke."

"To, sau nawa kika tambaye ni?"

Hansai ta ce, "Ki yi haƙuri. Yanzu na tambaye ki."

Sai ta kwashe ƙwai shidan ta ɓoye cikin ƙwaryar gero a ɗakinta, ta rushe ginin. Kaza ta hau kan turmi tana ba da umarni kamar sarkin magina.

"Ɗebo jar ƙasa. Zuba ƙaiƙayi. Taka da ƙafa, ba da hannu ba. Bar ta ta kwana biyu ta tsima."

Hansai ta ɗaura zane ta taka ƙasa, tana taka tana 'yar waƙarta, har laka ta kai mata gwiwa. Ta jera duwatsu a ƙasa don kada danshi ya hau. Ta fara ɗora gini.

Kaza ta ce, "Tsaya nan! Tsawon hannu ɗaya a yini. In kika ɗora ɗanye kan ɗanye, zai zauna kamar tuwon jiya."

Haka suka yi ta yi. Kullum da hantsi Hansai ta ɗora, ta shafe da tafin hannu, rana ta busar. Ginin yana tashi yana tsukewa, kamar tulu a kife. Wajen iska kuwa, Kaza ta ce, "Da ɗan yatsanki za ki huda, ba da kan kowa ba."

Aikin ya yi wa Hansai daɗi. Har ta kan tsaya ta ja da baya, ta dubi abin da hannunta ya yi, ta yi murmushi ita kaɗai.

Da aka zo yanka ƙofa, sai Hansai ta ɗauki wuƙa ta zagaya gabas, ba ta tambayi kowa ba.

Kaza ta ce, "Kai! Me ya kai ƙofa gabas?"

Hansai ta kau da kai. Ta ce, "Ta nan hanyar take. Ina so in sun fito, shi za su fara gani."

"Shi wa?"

"Kin san shi."

Kaza ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga turmi. Ta ce, "Uwar ɗakina, ta gabas mai gidanki zai ɓullo, ta gabas kuma hadari ke ɓullowa. Rana ɗaya suka sa. Ruwa zai kaɗo mana har cikin ɗaki, 'ya'yana su jiƙe su mutu."

Hansai ta tsaya da wuƙa a hannu, ranta bai so ba. Sai Tunku ya leƙo daga katanga ya ce, "Kada ki saurare ta! Ƙofar gabas ita ce ƙofa. In ruwa ya shiga, ai sai su fito waje su sha iska."

Hansai ta dube shi, ta dubi ƙibar da ya yi kwanan nan. Ta ce, "Tunda ta yi maka, ba ta yi mini ba."

Sai ta zagaya yamma ta yanka ƙofa. Amma kafin laka ta bushe, ta koma gabas ta huda kafa guda da ƙaramin yatsanta. Kaza ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Hansai ta barbaɗa toka a ciki saboda ƙuma, ta shimfiɗa ciyawa, ta mai da ƙwai. Kaza ta shiga ta kwanta. Hansai ta ajiye mata tsaba da ruwa a kasko, ta toshe ƙofa da faffaɗan dutse.

Tunku ya zo da rana, ya zagaya sau uku. Ya tura dutse, ya ƙi. Ya sa hanci a kafar gabas, sai Kaza ta sakar masa sara. Ya ruga daji yana kuka, bai sake hawa katangar ba.

Sati uku cif, ƙwai suka ƙyanƙyashe, duka shida.

Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi. Hansai tana kwashe shanya, sai ta ji Kaza daga cikin akurki tana cewa, "Uwar ɗakina! Na hango wani ta kafarki, yana sauri, hadari na bin sa!"

Nomau ya shigo gida, ruwa ya shigo bayansa. Aka yi ta sheƙawa. Ruwa ya yi ta dukan bayan akurki, bai sami ƙofa ba.

Da aka ɗauke ruwa, Hansai ta janye dutse. 'Yan tsaki shida suka fito a bushe, suna tsiyau-tsiyau, suka bi ta kan ƙafafun Nomau.

Ya durƙusa ya shafa ginin, ya ga sawun tafin hannu ko'ina. Ya ce, "Wane magini kika kira?"

Ta ce, "Ni da mai ɗakin."

Ya zagaya baya ya ce, "Wannan 'yar kafar ta gabas fa, ita kaɗai?"

Hansai ta ce, "Ta iska ce."

Kaza ta ce, "Uhm. Wata biyar muna jiran iskar nan."

Hansai ta rufe fuska da gefen mayafi ta shige ɗaki, wai za ta kawo masa fura.

To, kun ji. In za ku gina wa wani ɗaki, ku tambayi wanda zai kwana ciki, ba wanda ke leƙe daga katanga ba. In kuma zuciya ta nace sai gabas, a bar mata 'yar kafa, ta ishe ta.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta shige akurki, na jawo dutse na rufe.