Dokin Ƙofar Noyan

Ku gyara zama, don wannan labari da gardama yake ƙarewa.

A ƙasar Mongol, can inda ciyawa ba ta da iyaka, wani saurayi mai suna Dorbai ya dawo gida bayan shekaru yana gararamba a biranen yamma, yau yana jan raƙuman fatake, gobe yana gadin rumbun wani. Bai tarar da kome yadda ya bari ba. Mahaifinsa ya mutu, ba wanda ya iya nuna masa kabarin. Mahaifiyarsa ma ta bi bayansa. Inda bukkokin danginsa suke a bakin kogi, saura toka da busasshiyar ciyawa. Babban sarkin da ya haɗe ƙabilu ya tarwatsa dangogi, ya zuba maza goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har ka ga ɗan Merkit da ɗan Kerait, waɗanda kakanninsu suka kashe juna, suna tsoma hannu a tukunya ɗaya. Da, in an gamu da baƙo akan tambaye shi, "Ƙashin wa kake?" domin a wurinsu ƙashin mutum na ubansa ne, tsoka ta uwa. Yanzu sai a ce, "Kana goman wa?" Karnukan sabon zangon da ya tarar a wurin ma haushi suka yi masa.

Da gajiyarsa da ƙurarsa ya tafi gaida Noyan, shugaban dubun da ke mulkin wurin. To, mutanen nan ba dokin da ba sa hawa, ban da dokin ƙofa. A wurinsu wanda ya taka dokin ƙofa ya taka wuyan maigidan, in kuwa ƙofar shugaba ce, mutuwa ce hukuncin. Dorbai ya daɗe a birane inda ake zama a bakin ƙofa ana hira, ƙafarsa ta manta. Ya ɗora ta a kan itacen ƙofar bukkar Noyan, a gaban kowa.

Noyan bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "A naɗe shi a bargo, dawakai su bi ta kai. Kada jininsa ya taɓa ƙasa."

Bokan zangon ya ce da an san ƙashin yaron, da ana iya wanke ƙofar da farar goɗiya. Amma baƙo marar asali ba a wanke masa laifi.

Dogarin da aka miƙa wa bargon shi ne Kucar, ɗan Merkit, wanda suka yi rantsuwar anda da Dorbai tun suna yara a kan ƙanƙarar kogi, wato amincin da ke mai da rai biyu ɗaya. Kucar ya shimfiɗa bargon, ya naɗe Dorbai, sa'an nan ya cire hularsa ya kwanta a gefensa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ke tsaron ƙofa, ban ce masa ya ɗaga ƙafa ba. Bargon zai ɗauke mu mu biyu." Ya kuma juya ya raɗa wa Dorbai, "Anda, shekarun nan duka, tafiya ce kawai ba ka koya ba?" Noyan ba ya son ya kashe dogarinsa ba tare da bincike ba, sai ya dakatar da dawakan zuwa faɗuwar rana. Amma ya sa aka zane Kucar da bulala har bayansa ya tsage, aka tuɓe shi daga dogaranci, aka mai da shi cikin mayaƙan gaba. Ba don shi ba, da ba a sami ranar da za a yi magana ba.

Sai neman wanda ya san ƙashin Dorbai har kakanni, don Kucar sunan ubansa kawai ya sani. Mazan danginsa, wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu an watsa su cikin dubban da ke nesa. Can wata tsohuwa mai tatsar tumaki, Ibagai, ta ratso taron. Baiwa ce a gidan mahaifinsa a da, ita ta shayar da shi lokacin da nonon uwarsa ya ƙafe. 'Yar Tatar ce, kuma tun da aka yi wa Tatar kisan ƙare dangi take ɓoye asalinta, tana yi kamar bebiya don kada harshenta ya tona ta. Ranar ta buɗe baki. Ta jero sunan uban Dorbai, da kakansa, da kakan kakansa, da tambarin da suke ɗora wa dawakinsu, da dutsen da suke yi wa yanka, har tsofaffin wurin suka fara gyaɗa kai. Amma kowa ya ji lafazinta. Wani ya ce, "Ashe bebiyar Tatar ce!" Ta ce, "Na ji, ɗan nan. Bari in gama, sa'an nan ka kashe ni." Ba a kashe ta ba, amma aka sa ɗanta guda da ya rage mata cikin masu tafiya yaƙi. Ba don ita ba, da Dorbai ya mutu baƙo a ƙasar ubansa.

Saura farar goɗiya. Duk zangon mutum ɗaya ke da ita, Bujir, ɗan Ongirat, wan mahaifiyar Dorbai. Rabonsa da gidan su Dorbai tun wata rigimar makiyaya da aka karya masa hannu a ciki, kuma uban Dorbai ne ya karya shi. Bujir ba shi da ɗa namiji, sai mata da 'ya'ya mata, nonon goɗiyar nan ke riƙe da su a lokacin sanyi. Ya jawo ta da hannunsa mai lafiya, ya tsaya a kan bargon, ya ce, "Ƙashinka ƙashin ɓarawon ciyawa ne. Tsokar ce tamu, ita na zo ɗauka." Boka ya bi da goɗiyar da Dorbai ta tsakanin wuta biyu, aka yanka ta, aka canza itacen ƙofar. Ba don Bujir ba, da rantsuwa da jerin kakanni sun tashi a banza.

Da aka gama, Noyan ya kira Dorbai daga waje, bai ce ya shigo ba. Ya ce, "Runduna za ta gabas. Kowace bukka za ta ba da namiji guda. Kai ba ka da bukka, don haka zaɓi ɗaya a ƙirga ka a cikinta. Wadda ka zaɓa, namijinta ya zauna gida, ka tafi a madadinsa."

Dorbai bai ji zafin tafiyar ba. Tun ranar da ya iso ya san ba zai iya zama ba, ƙasar ta yi masa faɗi kuma ta yi masa ƙunci. Zaɓin ne ya hana shi cin abinci. Kucar, baya a tsage, an sa shi a gaba inda ba a cika dawowa ba, matarsa kuma da tsohon ciki. Ibagai, in ɗanta ya tafi, ba mai kare ta a zangon da yanzu ya san ko ita wace ce. Bujir kuwa shi kaɗai ne namiji a bukkarsa, da furfurarsa da karyayyen hannunsa zai hau doki, ya bar matan gidansa ba goɗiya, ga sanyi na tafe.

Da safe Dorbai ya ɗora sirdi, ya rataya baka da busasshen nama. Su ukun suka zo, suka tsaya nesa da juna, ba wanda ya roƙe shi. Kucar ne kawai ya ce, "Anda, ja majayin nan da kyau, kada ka faɗo tun ba a fita zango ba." Dorbai ya ja, ya sake ja, ko da yake ya riga ya ɗauru. Manzon Noyan ya iso bisa doki ya ce, "Bukkar wa?"

To jama'a, ga mai rantsuwa, ga mai nono, ga mai tsoka. Wane ne a cikinsu ya fi cancanta Dorbai ya ambaci bukkarsa?