Akuyar Yalwa da Ganyen Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa, an yi wata budurwa ana kiranta Yalwa, wadda har ta tsufa ba ta manta ranar da ta fara ganin Nomau ba. Akuyarta ce ta keta shingen lambun sarki. Ta bi ta a guje, ta tarar da Nomau, mai kula da lambun, riƙe da igiyar, yana kallon yadda dabbar ke fizgar ganye. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, akuyar nan ta san abin daɗi.

Itatuwan lambun na tut ne, wanda 'yan yanzu ke kira mulberi. Fatake suka kawo wa sarki su daga arewa, tare da tsutsar alharini wadda ba ta cin komai sai ganyensu. Sarki ya kafa doka: duk wanda ya taɓa ganyen, a kore shi daga birni. Zafi ya kashe tsutsotsin tun shekarar farko, amma a fadar nan ba a gaya wa sarki mutuwar abin da yake so. Doka ta zauna, itatuwa suka yi ta ganye a banza.

Sai aka yi fari. Harawa ta ƙare, dusa ta yi wuya, shanu suka fara faɗuwa. Idan Nomau ya rage rassa, sai ya jefa su bayan shinge, inda Yalwa ke wucewa. Ya sha tambayarta ko ya turo magabatansa, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, ta ɗauki ganye ta wuce.

Akuyar ce ta tona asiri. Dabbobin gari duk haƙarƙari, ita tana sheƙi, ta haifi tagwaye, nononta har maƙwabta. Dogarai suka bi sawu, suka gurfanar da Nomau gaban sarki. Bai yi musu ba.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tun da akuya ce shaida, a tambayi 'yan'uwanta kafin a yanke hukunci."

Aka kawo raguna biyu ramammu. Ɗaya aka ba shi busasshiyar ciyawa zalla, ɗayan aka haɗa masa da ganyen tut. Kafin wata ya sake tsayawa, na farko yana nan jiya i yau, na biyu ya cika, ya fara tunkuyi.

Sarki ya shafa bayan ragon, ya tambaya in an bai wa dabbobi ganyen, me tsutsotsinsa za su ci.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, sun daɗe ba su nemi abinci ba."

Sarki ya gane nufinsa. Sannan ya ce ashe matattu yake ciyarwa, masu rai na mutuwa. Ya sa aka buɗe lambun ga talakawa. Amma maganar sarki ba ta faɗuwa ƙasa: Nomau zai bar birni da damin rassa, ya dasa a kowane ƙauye, sai ya zagaye ƙasar zai dawo.

A ƙofar gari Yalwa ta tare shi, mutane na kallo. Ta zari reshe ɗaya daga daminsa.

Ta ce, "Wannan a ƙofar gidanmu zan dasa shi. Ko ya yi inuwa kafin ka dawo, ba wanda zai zauna ƙarƙashinsa sai kai. Ka turo magabatanka."