Kututturen Kirya a Jikin Katanga

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Jatau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ranar da ya rasu ma kasuwa ta ci yadda ta saba.

Mahaifiyarsa ta tsufa a ƙauye, ɗakinta na yoyo, sai ya ƙudurta gina mata ɗaki a gidansa kafin damina. Fili ɗaya ne a gidan, kuma wani ƙaton kututturen kirya ya zaune shi, manne da katanga. Wanda ya san kirya ya san ba ta jin gatari.

Yadda ake yi kowa ya sani. A haƙa kewaye, a cusa busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi, a sa wuta, kowa ya kama gabansa. Wutar ta yi ta ci a hankali, tana bin saiwa har cikin ƙasa.

Jatau ya haƙa. Sai ya ga babbar saiwar ta kurɗa ƙarƙashin katanga, ta shige ƙarƙashin ɗakin maƙwabciyarsa, Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa da ba ta da kowa. Ya zauna bakin ramin yana lissafi. In wuta ta cinye saiwar nan, kogo za ta bari. Ruwan farko lafiya, na biyu lafiya, wata rana tsakiyar damina bango ya zauna. Kuma ku saurara, ba mai cewa Jatau ne. Za a ce ruwa ne. Za a ce ƙaddara. Shi ma zai je jaje.

Matarsa Ladidi ta leƙo. "Malam, kashin shanun nan da na tara, miya zan kaɗa da shi?"

"Ba za a sa wuta ba. Sara zan yi."

"Kirya? Da wannan gatarin? To, Allah ya ba mu tsawon rai. Ka je ka gaya wa Gwaggo mana, in ta yarda shi ke nan."

"Ai za ta yarda," in ji shi. "Kunya za ta sa ta ce in ƙona. Ni in samu izini, ita ta samu bango a ka."

Ya yi ta sara. Ya sara da safe, ya sara da yamma, ya kai gatari maƙera, ya dawo ya sara. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Gwaggo Tabawa kuwa ta bayan katanga take jefo tata gudummawar: "Kai Jatau! Mutum ba zai runtsa da rana ba a unguwar nan? Wane irin rashin imani ne wannan?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

Ba ta yi ba. Har wurin mai unguwa ta kai ƙararsa.

Hadari ya haɗo, kututture bai gama fita ba. Jatau ya ɗauko mahaifiyarsa ya ba ta turakarsa, shi ya koma zaure, ya yi daminar nan shi da sauro. Sai da rani ya zagayo aka yi ginin.

Na ga wasunku sun gyara zama, ana jira in ce ya tono tulun zinariya a gindin kututturen. Tsakuwa ya tarar. Gwaggo Tabawa ta ƙarasa shekarunta a ɗakinta, bango bai ko tsage ba, kuma har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane cewa Jatau ba shi da tausayin tsofaffi.

To, jama'a, tsoron Allah shi ne barin cutar da ka tabbata ba za a taɓa gano taka ce ba. Mu nan mun iya haƙƙin maƙwabci a baki. Amma wani ya juya kwatarsa gindin ginin wani, wani ya haƙa masai dab da rijiyar wani, kuma duk mun tambaya, an ce mana "ba komai". Kun san dalilin da ya sa aka ce ba komai, ni ma na sani. Wanda ya karɓi izinin da kunya ta bayar, ya shirya amsa a wurin da ba a jin kunyar kowa.