Yadda Maiƙo da Hayaƙi Suka Tare a Hanci

Dalilin da ya sa kuke ganin ɗigo-ɗigon baƙi a hancin 'yammata, ku matso ku ji. Ke Delu, cire hannu daga fuskarki!

A da can, fuskar ɗan Adam sumul take kamar bayan ƙwarya. Ƙananan ƙofofin nan na fata, Zufa aka yi wa su don ta riƙa fita. Maiƙo da Hayaƙi kuwa 'yan yini ne, su zo su zauna, da magariba Ruwa ya iso da sabulun salo, su kama gabansu. Ba su taɓa kwana ba.

To, akwai wata yarinya Lantana, 'yar mai ƙuli-ƙuli, kullum tana bakin murhu. Shekarar nan ita aka zaɓa ta ja 'yammata rawar kalankuwa. Murna kamar ta tashi sama! Ana gobe rawa ta je aka zana mata katambiri, goshi da kumatu, zane ya fito ras. Ta dawo ta taya uwarta suya.

Magariba ta yi, sai ga Ruwa. "Lantana, kawo fuskar mu share."

"Wace fuskar? Ka goge mini kwalliya? Allah ya kiyaye! Je ka, sai jibi."

"Baƙinki fa ba su tafi ba."

"Su kwana mana! Gidanka ne?"

Maiƙo ya ji, ya kalli matarsa Hayaƙi, ya ce, "Ke, yau mun yi gida!" Suka kutsa ƙofofin hanci, inda ya fi ɗumi. Kafin gari ya waye har sun hayayyafa, kowace ƙofa da ɗa a zaune, fari sol, da 'yar baƙar hula, yana leƙen waje.

Lantana ta duba madubi, ta ƙwalla ihu. Ga kalangu ya fara tashi a dandali! Ta sa farce ta hau matsa, ta matsa, ta matsa, hanci ya kumbura ya yi jawur.

Goggonta Tabawa ta shigo, ta doke hannun. "Kul! Uban wa ya ce ana korar baƙo da farce? Ɗauko ƙwarya!"

Ta zuba ruwan zafi, ta lulluɓe Lantana da zane, tururi ya buɗe ƙofofi. Sabulun salo ya bi su ɗaki-ɗaki. Ai sai gudu, uwa ba ta tsaya wa ɗa ba! Amma Maiƙo ya juyo daga bakin ƙwarya ya ce, "Mun dai riga mun ga ɗaki. Duk wadda ta bar mu muka kwana, mun tare ke nan."

Lantana ta ruga dandali, ba katambiri, hanci kamar gauta. Makaɗi ya dube ta, ya karkata kalangu, ya kira sunan wata yarinya, Ladingo, ta ja gaba. A sahun baya Lantana ta yi rawarta, mayafi a kan hanci.

Shi ya sa har yau Maiƙo da Hayaƙi suke laɓe, suna jiran wadda za ta kwanta da kwalliya ko da gumin murhu. Wadda ta wanke, su wuce. Wadda ta matsa da farce, ta kwashi tabo. Maza ku tashi, ruwa na kan wuta, kuma zan duba hancin kowa!