Sabon Buntu a Kan Ruɓaɓɓe

Akwai wata mace wadda mijinta ya tafi aikin gini a wani gari mai nisa. Kafin ya tashi, ya damƙa mata kaji tara, irin da mahaifiyarsa ta bar masa. Ya ce, "Buntun shinkafa za ki shimfiɗa musu a ɗaki, yashi kuma a filin da suke yawo. In buntun ya jiƙe, ki kwashe shi duka kafin ki zuba sabo."

Da damina ta sauka, rufin ɗakin kajin ya soma yoyo. Matar ta leƙa, wari ya buge ta. Ta ce a ranta, "Wa zai tona?" Sai ta ɗebo sabon buntu ta barbaɗa a kai. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, amarya! Wannan ɗaki ai ko ni sai in kawo tabarmata." Ta ji daɗi. Haka ta riƙa yi wata uku, har kajin suka fara ɗingishi, biyu suka mutu.

Ranar da mijin zai dawo, ta ƙara barbaɗa buntu, ta ɗaura zanen da ya fi so. Da ya iso ya sha ruwa, sai ya nufi wurin kaji. Yana shiga, ƙafarsa ta nutse har idon sawu, baƙin ruwa ya ɓulɓulo da tsutsotsi.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa ɗaga kai. Da kyar ta ce, "Maigida, na gani tun farko. Rufewa na yi."

Ya ɗauki kaza ɗaya, ya daɗe yana duban kumburarriyar ƙafarta. Ya ce, "Da kin aiko mini, ai da na zo na gyara rufin. Miƙo shebur. Ke riƙe kwando."

Ma'anar wannan misali ita ce, ruɓaɓɓen buntun nan shi ne zunubin da muka ƙi furtawa. Sabon kuwa shi ne kayan adon Lahadi, da baikon da muke bayarwa a coci, da waƙar da muke rerawa da ƙarfi don kada a ji warin. Mutane za su yaba, amma waɗanda Allah ya ba mu amanarsu su ne suke taka ruɓar kullum. Kaji biyun nan ba su dawo ba.

'Yan'uwa, mu daina barbaɗawa. Kwasar akwai kunya, akwai wari. Amma Ubangiji ba ya tsayawa a waje yana toshe hanci. Shiga yake yi.