Hannun da Noma Ya Cinye

An yi wani mutum, bawan Allah, ana ce masa Malam Hafizu, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Aikinsa gwada manhaja a wani kamfani. Idan an ƙera, shi ke dubawa ya sa hannu cewa ta yi, kafin a sake ta ga jama'a.

To, ku saurara. Kamfanin ya ƙera manhajar rabon takin zamani: manomi ya ɗora babban yatsa a na'ura, in ta gane shi, a ba shi buhunsa. Aka gwada a ofis, a yatsun ma'aikata masu laushi, ta gane kowa. Malam Hafizu bai gamsu ba, ya ɗauki na'urar sai ƙauye.

Can ya sami wani tsoho, Baba Nomau, wanda ya shekara hamsin riƙe da fartanya har zanen yatsunsa ya shafe. Tsohon ya ɗora yatsa, ta ƙi. Ya goge a riga ya sake, ta rubuta cewa ba ta san wannan mutum ba. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka ce mata ta je ta tambayi gonata."

Cikin manoma ashirin ta ƙi bakwai, kuma su ne mafi daɗewa a noma.

Da ya kai rahoto, manaja ya ce damina ta kawo kai, laifin yatsun ƙauyawa ne. Ya ce wa Malam Hafizu ya sa hannu, ko ya bar aiki. Ga iyali, jama'a, ga shi ba wata sana'a. Amma Malam Hafizu ya ajiye alƙalami ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun da noma ya cinye ba shi da laifi. Shaidar zur kuwa, ba da hannuna ba."

Aka sallame shi, wani ya sa hannu. Ranar rabo sai ga Malam Hafizu a bakin ƙofar wurin rabon, yana rubuta sunan duk wanda na'ura ta kora. Ya kai wa dagaci, dagaci ya shaide su ɗaya bayan ɗaya, aka ba su takinsu kafin lokacinsa ya wuce. Malam Hafizu dai ba a mayar da shi aiki ba.

Ya ku 'yan'uwa, duk abin da aka ƙera domin mutane, aka gwada shi ba tare da mafi rauninsu ba, zalunci ne, kome kyawunsa. Kai mai ƙerawa, kai mai sa hannu, za a tambaye ka wanda ka bari a waje. Ka ƙi, ko da kai kaɗai ne. Allah Ya ba mu ikon ƙi.